Maigida na so mu koma Kumasi da zama, kuma a motarsa zai kai mu

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Aliero ce, shekaruna 26, aurena shekara uku, muna da yarinya 'yar wata bakwai. Maigidana ɗan kasuwar albasa ne, ya daɗe yana raka lodi zuwa Kumasi a ƙasar Ghana. Yanzu ubangidansa ya ce ya zauna can gaba ɗaya ya riƙa karɓar kaya, shi kuma ya ce ba zai zauna babu iyali ba. Ya sayi 'yar ƙaramar mota, ya ce nan da sati uku mu ɗaure kayan ɗakina a sama mu kama hanya mu uku ta Benin da Togo, wai yana so in ga duniya. Ni kuwa ban taɓa wuce Sakkwato ba. Inna ta ce ba da yawunta ba, don ƙanen mahaifinta ya tafi Gwanja tun tana yarinya, har yau ko inda kabarinsa yake ba a sani ba. Kullum sai ta ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina koyarwa a firamare, ban sani ba ko in ajiye aikin. Ina son mijina, amma tsoron hanyar nan ya hana ni barci. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki bi mijinki. Amma ba nan da sati uku ba, kuma ba da gado da kabad ɗaure a saman ƙaramar mota ba.

Na duba wasiƙarki daga sama har ƙasa ina neman abu ɗaya, ban same shi ba. Kin faɗa mini motar, kin faɗa mini ƙasashen da za a ratsa, har da lokacin tashi, amma ba ki faɗa mini ɗakin da za ki kwana in kun isa ba. Ina zaton ke ma ba a faɗa miki ba. Hanya kwana uku ce, in ta yi tsawo huɗu, kuma za ta ƙare. Abin da ni ya dame ni shi ne safiyar da za ta biyo baya, ranar da maigida zai yi asubanci ya tafi kasuwa tarar mota, ya bar ki da goyo a gidan da ko inda ake ɗiban ruwa ba ki sani ba.

Namiji mai raka lodi yakan ce ya san gari, alhali abin da ya sani kasuwa ce da masallaci da teburin mai shayi. Ɗakin da yake shimfiɗa tabarma da 'yan'uwansa 'yan albasa ba wurin kai mace ba ne. Yawancin gidajen haya a unguwannin zango na Kumasi, irin su Aboabo da Asawase, gidajen taro ne: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, kowane ɗaki da iyalinsa, maza na shiga suna fita, girki a bakin ƙofa. Akwai ma gidajen da ba su da bayi, sai a fita na unguwa a biya kuɗi a bi layi. Ke kin tashi a gida mai zaure, inda baƙon namiji ke tsayawa waje ya yi sallama a aiko yaro. Wannan bambancin zai fi girgiza ki fiye da duk wani shingen hanya. Ga shi masu gidaje a Ghana sun saba karɓar kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kafin su miƙa makulli, duk da dokar hayarsu ta 1963 ta ce kada a wuce na wata shida. In ya kama ɗakin da bai yi miki ba, kuɗi sun riga sun tafi, sai dai ki haƙura ki zauna a haka. Don haka ya fara tafiya shi kaɗai, ya nemi wuri, ya kira ki ta bidiyo ya zagaya da ke kafin ya biya. Ki ce ya nuna miki bayin, da famfon ko rijiyar, da inda za ki ɗora tukunya, da inda za ki shanya kayan yarinya. In akwai wata dattijuwa a gidan, ya ba ta wayar ku gaisa.

Akwai kuma dalilin jinkiri da ba ra'ayina ba ne, lissafin asibiti ne. Ana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, a kan iyakokin Benin da Togo da Ghana. Ba a yi wa yaro wannan allura sai ya cika wata tara, lokaci ɗaya da ta ƙyanda, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Ko da jami'i ya ɗaga ƙafa don ya ga jaririya ce, sauro ba ya tambayar watanni. A ƙarshen 2021 cutar ta ɓarke a yankin Savannah na arewacin Ghana har ta yi kisa, kuma titin Tamale zuwa Kumasi ta nan yake ratsawa. Kin ga ke nan kina da wata biyu da 'yan kwanaki waɗanda ba mai iya cewa ke kika ƙirƙiro su. A cikinsu a yi wa yarinya takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, a yi muku fasfo ke da ita, kowa da nasa, a kuma karɓo takardar shaidar aure daga kotu, don za a nema lokacin da zai yi miki izinin zama a matsayin matarsa. Fasfonki ya zauna a jakarki. Ki ɗauki hoton kowace takarda a waya, ki bar wa Baba kwafi.

Maganar izinin zama ita ce mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ki damar shiga Ghana ba biza ki yi har kwana 90, amma wannan baƙunta ce. Mai niyyar zama sai ya je hukumar shige da ficensu ya nemi izini, ya kuma yi katin shaidarsu, wato Ghana Card, irin na wanda ba ɗan ƙasa ba, wanda ake biya kuma ake sabuntawa. In babu shi, rajistar layin waya da buɗe asusun banki duk sai sun ba ki wahala. Za ki haɗu da waɗanda suka shekara ashirin ba takarda ko ɗaya, su ce miki ba komai. Ba komai ɗin ne, har ranar da komai ya zo. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta ba duk baƙon da ba shi da takarda sati biyu ya fice, mutane suka baro gidaje da rumfuna, mu ma a 1983 muka yi wa 'yan Ghana irin haka. Kusa-kusa kuma, dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a cikin kasuwa, kuma da ita 'yan kasuwar Ghana suka kafa hujja suka rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame ta Kumasi a 2019, aka sake yi a Accra a 2020. Cinikin albasa a sari ya daɗe a hannun mutanen zango da baƙi daga Nijar da Najeriya, amma duk da haka ki tambaye shi: rumfar da sunan wa take? Albashi ubangidan zai riƙa biyan sa ko la'ada a kan buhu? In la'ada ce, da me za a ci abinci a watannin da albasar Aliero ta ja baya, ko ranar da mota ta maƙale a kan iyaka lodi ya ruɓe? Ke 'yar garin albasa ce, kin fi ni sanin yadda take tashi da mutum ta kuma kayar da shi cikin kaka ɗaya.

To, hanya. Ba sabuwa ba ce. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke sauka Jega, su haye Kwara ta wajen Illo, su ratsa Borgu, su faɗa Yendi da Salaga sayen goro, wato Gwanjan da Inna ke faɗa. Sai dai su a ayari suke tafiya, da madugu a gaba, ba wanda ke ɗaukar mace da jariri ya shiga daji shi kaɗai. Yau kuwa labarin hanyar yana canjawa daga sati zuwa sati. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 gadar Gaya da Malanville, wadda ta haɗa Nijar da Benin, ta daɗe a rufe, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka wanda ya saba bi ta Kamba a da, kada ya ɗauka abin na nan yadda ya bar shi. Ta Tsamiya, iyakarmu da Benin, ana faɗawa Segbana da Kandi, a gangara Djougou, a shiga Togo ta wajen Kara, a ɓulla Yendi da Tamale. Ita ce gajeriya, amma arewacin Benin ɗin nan, jihar Alibori, yana fama da 'yan bindiga: a Afrilun 2025 gwamnatin ƙasar da kanta ta ce an kashe mata sojoji 54 a yankin gandun dajin W. A namu ɓangaren ma kin san labarin 'yan bindigar Lakurawa. Ta kudu kuma, wato Yawuri, Kontagora, Mokwa, Ilori, Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, Accra sannan Kumasi, tafiyar ta fi tsawo nesa ba kusa ba. Waɗanda za su zaɓa muku su ne direbobin manyan motocin da suka dawo a cikin satin da za ku tashi, kuma in da hali ku bi bayan wata motar da aka sani.

Ko wace hanya aka ɗauka, a tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin magariba a garin da aka riga aka san wurin kwana. Kada a ce bari mu ƙarasa gari na gaba, nan ne kawai. Ya ɗauki direba na biyu ko wani ƙanensa, don mutum ɗaya ba ya jan mota kwana uku idonsa bai yaudare shi ba. Raka lodi a gaban tirela daban, tuƙa motar kai ta ƙasashe uku daban: akwai inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, akwai lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, akwai takardar izinin shigar mota ta wucin gadi da kwastan ɗin kowace ƙasa ke bayarwa. Mota mai lambar Najeriya ba ta zama a Ghana sai illa ma sha Allahu, wa'adi gare ta, in ya cika ko a sabunta ko a biya haraji. A canza naira zuwa sefa tun kafin a tsallaka, a riƙe ƙananan takardu, sidi kuma, kuɗin Ghana, sai an kusa can. Ke naki shi ne gidan sauro, da ruwan zafi a fulas, da sinadarin gishiri da sukari, da tsayawa duk bayan awa biyu a sauke yarinya ta miƙe.

Kayan ɗaki kuwa a bar su. Ƙaramar mota da gado a kanta kiran kwastan take yi tun daga nesa, a kowane shinge a ce a kwance igiya, kabad ya isa Kumasi ba ƙofa. In kuma an ce a sa su a motar albasa, sai ki shekara kina kwana da warinta. Ki ɗauki tukwane kaɗan da suturarku, katifa a saya can. Kumasi ƙasar ruwa ce, damina biyu ake yi a shekara, iskar da laima. Atamfar da kika ninke a akwati ta shekara lafiya lau a Aliero, can wata biyu sai ki buɗe ki tarar ta yi fumfuna, takalmin fata ma haka. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji ki zuba a robobi masu murfi mai kamawa, kada ki bar su a leda ko ƙwarya.

Amma kada ki kashe masa gwiwa a kan son ki ga duniya. Maza nawa ne a garinku suka taɓa cewa matarsu ta zauna a gaban mota su nuna mata ƙasa? Abin a yaba ne, ki kuma nuna masa kin yaba. Ki ce ya ajiye miki yawon sai an natsu, ba kaya ba fargaba: tafkin Bosomtwe na nan kusa da Kumasi, akwai ruwan da ke zubowa daga dutse a Kintampo, ga tsohon masallacin ƙasa na Larabanga, ga teku a Cape Coast ga wadda ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin Argungu ba.

Inna kuma kada ki yi musu da ita, kada ki ce mata zamani ya canza. Ta sani. Abin da take tsoro shi ne a ɗauke ki ba tare da kowa ya ɗaure kansa da alkawarin dawo da ke ba, kuma tana da gaskiya, don har yanzu ba wanda ya yi. Wannan ba aikinki ba ne, na maigida ne. Ya ɗauki wansa ko baffansa su je su zauna gaban Baba, ya faɗi da bakinsa sau nawa za ki zo gida a shekara kuma a wane lokaci, ko Babbar Salla ko lokacin da kasuwar albasa ta yi sanyi. Ya yi alkawarin in Allah Ya kawo wani rabo, gida za ki zo wankan jego. Ya bar lambar ubangidansa da ta limamin unguwar da za ku zauna. A sa wa wayar wani ƙanenki WhatsApp, a tsayar da ranar da Inna za ta riƙa ganin jikarta, ki tuna agogon Ghana na bayan namu da awa ɗaya. Gadonki da kabad ɗinki kuma su zauna a ɗakin da idon Inna ke kaiwa, ganin su kullum zai yi mata maganin da bakinki ba zai yi ba. Uwa ta ce ba da yawuna ba, ba a tsallake wannan magana a shiga mota. A zauna a kanta har sai ta sa albarka, ko da hawaye ne.

Aiki kada ki ajiye. Ki rubuta ta hannun hedimasta zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ki nemi hutun shekara ɗaya ba albashi, ki riƙe kwafin amincewar. Samun gurbin koyarwa a yau kin san yadda yake. In shekara ta zagayo kin ga zama ya yi, sai ki ajiye da hannunki. Ki tafi da takardun karatunki, ki kuma buɗe asusun kuɗin waya da sunanki, wanda can suke kira MoMo, don kusan komai da shi ake biya. Ko 'yan kuɗin lalle ko na turaren wuta ne, su shiga nan.

In kin isa, satin farko daɗi ne, komai sabo. Wajen sati na uku ko na huɗu ne abin ke saukowa: ki idar da sallar la'asar ki ji ba wanda zai leƙo ya ce ina wuni, ki fashe da kuka ba dalili. Kusan duk wadda aka kai nesa ta bi ta nan, kuma ba alama ba ce ta an yi kuskure. Abin da ke rage shi fita gaisuwa ne. Kada ki jira a zo miki, ke baƙuwa ki soya ƙosai ko ki dama fura ki bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya. Za ki ji Hausar zango ta sha bamban da taki, ta gauraya da Twi, harshen mutanen Kumasi, da Turanci. Kada ki yi dariya, kada ki gyara wa kowa, su ma taki ta Kabi baƙuwa ce a kunnensu. Ki koyi gaisuwa da ƙirga da Twi, don in kika shiga kasuwar Kejetia mai tumatir ba lalle ta ji Hausa ba. Ki kai yarinya awo a asibitin unguwa da katin rigakafinta tun a watan farko, ki tambayi yadda ake shiga inshorar lafiyarsu ta NHIS. Ki nemi makarantar Islamiyya ta matan aure, nan za ki samu ƙawayen kirki. Adashi kuwa da ba da bashi, ki ɗaga ƙafa sai kin shekara kin san wa ke wa. Abinci ba zai ba ki wahala ba, koko da ƙosai na nan da safe, ga shinkafa da wake da tuwo. Fufu da banku kuma a hankali za ki saba, ko ki ƙi sabawa, ba dole.

Duk wannan kada ki jera masa su a matsayin sharuɗɗa, namiji na jin an ce sharaɗi sai ya ƙanƙame. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki fara da cewa kin amince za ki bi shi, sannan ki kawo maganar allurar yarinya, don ita ce ba ta da gardama. Sauran su biyo baya a kwana biyu ko uku. Mutumin da ya ce ba zai zauna babu iyalinsa ba, ina kyautata zaton zai saurare ki. In kuwa kika ga tambayar ɗaki da takardu kaɗai ta sa ya hau faɗa, ya ce ke dai ki shiga mota, to ki kai maganar gaban Baba, kuma kada ki ɗaure ko ƙullin kaya ɗaya sai manya sun zauna. Allah Ya raya yarinya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kai ku lafiya.